Gani Ya Kori Ji: Tarihin Hoton Jijiyoyin Jini da Bambancin da Ya Nuna Tsakanin Maza da Mata



Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma da wuya a sami inda wannan karin magana ya karɓu kamar asibiti. Yau idan mutum ya taso daga Unguwar Kanawa ya nufi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Babban Asibitin Kawo, hankalinsa ba ya kwanciya da abin da likita ya faɗa masa sai an ce ya je ya yi hoto. In hoton ya fito aka ce ba a ga kome ba, to magana ta ƙare ke nan, ko da kuwa ciwon yana nan yana nuƙurƙusarsa. Abin da nake so in bi tarihinsa a wannan lacca shi ne yadda likitoci suka sami ikon leƙa cikin jijiyoyin jinin mutum yana da rai, da yadda wannan gani ya yi shekaru yana wanke mata daga cutar da suke ɗauke da ita, har zuwa lokacin da sababbin na'urori suka nuna cewa cutar toshewar jijiya sau da yawa kamanninta a jikin mace dabam ne da kamanninta a jikin namiji. Daga nan sai in dawo gida in duba abin da wannan tarihi yake nufi gare mu, mu da aka daɗe ana ce mana wannan cuta ba tamu ba ce. Da yake fagen nazarina harshe ne, da kalmomi zan fara.

Jijiya da Maiƙonta

Kalmar jijiya a Hausa kalma ce mai ɗaukar kaya da yawa. Abin da mahauci yake yankewa daga nama don tauri jijiya ne, abin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi jijiya ne, hanyar da jini ke bi ita ma jijiya ce. Wadda nake nufi yau ita ce jijiyar jini mai bugawa, watau wadda ke ɗauko jini daga zuciya ta rarraba shi cikin jiki, irin wadda ake taɓawa a wuyan hannu a ji motsinta. Daga cikinsu iri biyu ne suka fi shafar batunmu. Akwai waɗanda ke shayar da naman zuciya ita kanta, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar bututun tawadar biro. Akwai kuma manyan nan biyu na gefen wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Ita cutar, maiƙo ne da ke yawo cikin jini yake ratsa fatar da ta lulluɓe cikin jijiya, ya shige cikin bangonta ya taru. A hankali jiki yakan kewaye shi da tabo, daga baya ƙasa mai kama da alli ta sauka a kansa ya taurare. Wani masani Bajamushe, Felix Marchand, shi ne ya raɗa wa cutar sunan da likitoci ke kiranta da shi yau a shekarar 1904, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin kunu, ɗaya tana nufin taurarewa, domin in an tsaga jijiyar abin da ake tararwa ke nan, kunu a ciki, ɓawo a waje. Ni a nan zan kira shi maiƙon jijiya, inda ya dunƙule wuri ɗaya kuma in ce curi. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, maiƙon a cikin bango yake, ƙarƙashin yaɓe, kamar danshin da ke cin katanga daga ciki. Idan ya toshe jijiyar zuciya sai a sami bugun zuciya, idan kuwa ɓarɓashinsa ya tashi daga jijiyar wuya ya haura ƙwaƙwalwa sai a sami shanyewar ɓarin jiki.

Zamanin Ji da Zamanin Gawa

Kafin a sami hoto, hanya biyu ce kawai likita yake da ita, ya saurari mai rai, ko ya tsaga matacce. A shekarar 1768 William Heberden ya bayyana wa ƙungiyar likitocin Landan wani irin ciwon ƙirji mai shaƙewa, wanda ke kama mutum in yana tafiya, musamman in yana hawa tudu bayan ya ci abinci, ya kuma sake shi da zarar ya tsaya. Daga baya ya rubuta cewa ya ga kusan mutum ɗari masu wannan ciwo, uku ne kawai mata a cikinsu. Wannan siffa da ya zana, da wannan ƙidaya, su suka zama abin koyarwa na kusan shekara ɗari biyu, har ya zauna a zukatan likitoci cewa ciwon na maza ne, musamman magidanta masu hali waɗanda suka ba shekara hamsin baya.

Binciken ƙarni na ashirin ya ƙara wa wannan fahimta ƙarfi. A 1913 Nikolai Anichkov na Rasha ya ciyar da zomaye da kolestarol ya ga maiƙo ya taru a jijiyoyinsu. A 1953 likitocin sojan Amurka suka buga sakamakon tsaga gawar sojojinsu 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, waɗanda matsakaicin shekarunsu 22 ne, suka ce kashi 77 cikin 100 suna da alamar maiƙo a jijiyoyin zuciya. Wannan labari ya girgiza duniya, amma dukkansu samari ne maza. Binciken garin Framingham kuwa, wanda aka fara a 1948 da mutum 5,209, fiye da rabinsu mata, ya nuna cewa cutar takan riski mata kimanin shekara goma bayan ta riski maza. Wannan gaskiya ce har yau. Sai dai mutane da yawa, har da likitoci, sun ji jinkiri sun ɗauka kuɓuta ce. Saboda haka manyan gwaje-gwajen magani da suka biyo baya a kan maza aka yi su, alal misali gwajin asfirin da aka fara a Amurka a 1982, wanda aka yi da likitoci 22,071, babu mace ko ɗaya.

Zamanin Gani

Ranar 8 ga Nuwamba 1895, a garin Würzburg na ƙasar Jamus, Wilhelm Röntgen ya gano hasken nan mai ratsa nama wanda muke kira eksire. Hoton da ya fi shahara cikin na farkon da ya ɗauka na hannun matarsa ne, Anna Bertha, ga ƙasusuwa ga zobe. Amma jijiya ba ƙashi ba ce, hasken yakan wuce ta bai bar inuwa ba. Dabarar da aka yi ita ce a ɗura wa jijiyar wani rini da haske ba ya ratsawa. A Janairun 1896 aka fara gwada wannan a hannun gawa a Biyana. A 1927 Egas Moniz na Fotugal ya yi shi a jijiyoyin ƙwaƙwalwar mai rai. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn tiyo ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto don ya kafa shaida.

Jijiyoyin da ke shayar da zuciya su ne aka fi jin tsoron taɓawa, domin an ɗauka duk wanda aka ɗura wa rini a cikinsu zai mutu nan take. Ranar 30 ga Oktoba 1958, a asibitin Cleveland na Amurka, Mason Sones yana duba wani saurayi ɗan shekara 26, sai bakin tiyon ya zame ya faɗa cikin jijiyar dama ta zuciya, rinin ya kwarara ciki. Zuciyar ta tsaya na ɗan lokaci, Sones ya daka wa saurayin tsawa ya yi tari, ta ci gaba da bugawa. Daga wannan haɗari aka sami hoton rini na jijiyoyin zuciya, wanda ya zama alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara bayan hukuncinsa. A kansa aka gina aikin yi wa jini sabuwar hanya, wanda René Favaloro ya fara a asibitin nan na Cleveland a 1967, da kuma buɗe toshewa da 'yar balan-balan, wanda Andreas Grüntzig ya fara a Zurich a 1977. Dubban rayuka sun tsira ta wannan hanya, wannan ba abin musu ba ne.

To amma mu lura da abin da hoton rini yake gani. Rinin yana bin ramin jijiya ne, saboda haka inuwar ramin ake ɗauka, bangon ba ya fitowa. Likita yakan nemi inda ramin ya tsuke, ya gwama shi da inda ke kusa da shi, in tsukewar ta kai rabi ko fiye sai ya ce akwai cuta. Wannan ma'auni yana aiki sosai idan maiƙon curi ne da ya tsaya wuri ɗaya kamar dutse a kwata. Idan kuwa ya shimfiɗu ne ko'ina daidai wa daida, babu wuri mai lafiya da za a gwama da shi, sai jijiyar ta fito sumul. Bugu da ƙari, ƙananan rassan da ke shiga cikin naman zuciya, waɗanda ba su kai rabin milimita ba, sam ba sa fitowa a wannan hoto.

Matan da Hoto Ya Sallama

Ba a daɗe ba aka fara cin karo da abin ɗaure kai. A 1967 William Likoff da abokan aikinsa a Philadelphia suka ba da rahoton mata 15 masu ciwon ƙirji, waɗanda awon bugun zuciya ya nuna jini bai isa naman zuciyarsu ba, amma hoton rini ya fito tas. A wata babbar rajistar masu ciwon ƙirji da aka tara a Amurka cikin shekarun 1970, kusan rabin matan da aka yi wa hoton ba a ga wata toshewa mai yawa ba, alhali a maza waɗanda hotonsu ya fito haka ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Fassarar da aka fi yi wa wannan a lokacin ita ce, ciwon ƙirjin mata ba na zuciya ba ne, damuwa ce, ko ciwon ciki, ko raki. Sai a sallame su. A nan ne gani ya kori ji, mace tana cewa ga abin da take ji, na'ura tana cewa ba ta ga kome ba, aka gaskata na'ura.

Alƙaluman mutuwa kuwa wani abu dabam suke faɗa. Daga 1984, na tsawon kusan shekara talatin, matan da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ke kashewa a Amurka kowace shekara sun fi maza yawa. A 1991 Bernadine Healy, likitar zuciya kuma mace ta farko da ta shugabanci hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta rubuta wani ɗan sharhi inda ta kwatanta mai ciwon zuciya da Yentl, wata yarinya a wani labarin Yahudawa wadda sai da ta yi shigar maza kafin a bar ta ta yi karatu. Nufinta, mace ba ta samun kulawa sai ta nuna cutarta irin ta namiji ce. A 1993 majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta sanya mata cikin binciken lafiyar da gwamnati ke biya, a 1996 kuma aka fara wani bincike na musamman mai suna WISE, ƙarƙashin jagorancin Noel Bairey Merz, a kan mata fiye da 900 da aka tura hoton rini saboda alamun ciwon zuciya. Fiye da rabinsu ba a ga toshewa ba. Da aka bi sawunsu shekara biyar, sai aka tarar waɗanda hotonsu ya nuna 'yar tsukewar da ba a ɗauka a bakin kome ba, kimanin kashi 16 cikin 100 sun gamu da bugun zuciya, ko shanyewar jiki, ko gazawar zuciya, ko mutuwa, alhali a cikin matan da ba su da ciwon ƙirji abin bai kai kashi 3 ba.

Bayanin wannan ya riga ya fara fitowa tun 1987, lokacin da Seymour Glagov na Jami'ar Shikago ya nuna cewa jijiya takan buɗa ta waje don ta ba maiƙo wuri, ramin ba ya fara tsukewa sai maiƙon ya ci kimanin kashi 40 cikin 100 na faɗinta. Watau katanga tana iya kumbura ta waje, ɗaki bai ragu ba. A ƙarshen shekarun 1980 aka ƙera wata 'yar na'urar amsa-kuwwa, irin ta sikanin masu ciki amma ƙarama ƙwarai, wadda ake zurawa cikin jijiya ta haska bangon daga ciki. Da masu binciken WISE suka gwada ta a kan mata ɗari waɗanda hoton rini ya wanke, sai ga maiƙo a bangon jijiyar kusan huɗu cikin kowane biyar.

Fashewa da Zaizaya

Bambanci na biyu ya shafi yadda maiƙon yake kashewa. Abin da aka sani tun da shi ne fashewa, watau curi mai ruwan kunu da siririn murfi ya tsage, jini ya taɓa kunun ya daskare, gudan jini ya toshe hanya. A 1996 Renu Virmani da abokan aikinta a Washington, waɗanda ke tsaga jijiyoyin mutanen da suka yi mutuwar fuju'a, suka nuna akwai hanya ta biyu. Murfin yana nan da kaurinsa bai tsage ba, fatar samansa ce kawai ta saɓule, kamar yadda ruwan sama ke zaizaye yaɓe katanga tana tsaye, sai gudan jini ya kafu a wurin. Wannan zaizaya sun fi samunta a matan da ba su daina al'ada ba, musamman masu shan taba. Fashewa kuwa ta fi yawa a maza, da kuma mata tsofaffi masu yawan kolestarol. Ke nan da shekaru suka tura, jijiyar mace takan koma kama da ta namiji.

Sauran na'urori sun ƙara fito da wannan bambanci. Siti-sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan wata mara lafiya a Landan a 1971, tana iya auna allin da ya sauka a jijiyoyin zuciya, bisa ma'aunin da Arthur Agatston ya tsara a 1990. Mata sun fi maza tsararsu ƙarancin wannan alli, amma idan ya yi yawa a jikin mace, haɗarin da yake ƙara mata ya fi wanda yake ƙara wa namiji. A jijiyoyin wuya, masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan sun duba curin da aka ciro daga marasa lafiya suka ba da rahoto a 2007 cewa na maza ya fi maiƙo da kumburi, na mata ya fi tabo da ƙwari, hoton maganaɗisu kuma ya nuna zubar jini a cikin curi ta fi yawa a maza. A 2021 Harmony Reynolds ta New York ta buga bincikenta a kan matan da suka sami bugun zuciya sosai amma hoton rini bai nuna toshewa ba. Da aka zura musu na'ura mai haska bango da haske, aka ga miki ko tsaga a jijiyar kusan rabinsu, da aka haɗa da hoton maganaɗisu kuwa aka gano musabbabin ciwon a fiye da kashi 80 cikin 100.

Kafin in bar wannan fage, akwai wata shaida daga nahiyarmu. A 2011 aka sanya gawawwakin mutanen Masar na dauri cikin siti-sikan a Alƙahira. Mutum mafi daɗewa a tarihi da aka tabbatar da maiƙo a jijiyoyin zuciyarsa a wannan bincike mace ce, Gimbiya Ahmose-Meryet-Amon, wadda ta rayu kimanin shekara 3,500 da suka wuce, ta rasu tana da shekara arba'in da 'yan kai.

Labarin a Ƙasarmu

Yanzu mu dawo gida. Likitocin zamanin mulkin mallaka, da na shekarun farko bayan samun 'yanci, sun yi ittifaƙi cewa toshewar jijiyar zuciya abu ne da ba safai ake ganinsa a baƙar fatar Afirka ta Yamma ba. Suna da hujja. A Asibitin Jami'ar Ibadan, Olufemi Williams da abokan aikinsa na Minnesota sun gwama jijiyoyin ƙwaƙwalwar gawawwakin 'yan Nijeriya da na Amurkawa, suka buga a 1969 cewa maiƙon ya fi ƙaranci ƙwarai a namu. Mutumin da abincinsa gero ne da dawa da wake, wanda ke wuni a gona ko a bakin turmi, ba shi da rarar maiƙon da zai taru. Ga shi kuma cututtuka masu yaɗuwa kan ɗauke mutane da yawa kafin su kai shekarun da cutar ke bayyana.

Amma akwai wani abu da ya keɓanta da mu a ƙasar Hausa. Mu mutane ne masu gaggauta suturta mamaci, wanda ya rasu da safe da wuya ya kai la'asar ba a kai shi makwancinsa ba, kuma ba mu saba da tsaga gawa ba. Saboda haka zamanin gawa da Turai ta yi shekara ɗari biyu tana koyo daga gare shi, mu ba mu yi shi ba. Wanda ya yanke jiki ya faɗi sai a ce kwana ya ƙare, haka ne kuwa, amma ba a rubuta sanadi. Ke nan hoto shi ne kusan tagar da muke da ita kaɗai, kuskuren hoto kuwa ya fi tsada a wurinmu, domin babu mai zuwa daga baya ya gyara shi.

Inda zuciyar Bahaushiya ta shiga littattafan likitancin duniya shi ne Zariya. Eldryd Parry, wanda ya riƙe kujerar farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969 zuwa 1977, shi da Neil Davidson sun buga nazarinsu a 1978 a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa suka ba da rahoton mata 43 da suka duba da na'urar amsa-kuwwa a can Zariya, watau tun farkon zuwan wannan na'ura Arewa a kan zuciyar mata aka ɗora ta. Binciken baya-bayan nan da Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai sami alaƙa tsakanin ciwon da waɗannan al'adu ba, ya fi danganta shi da rama da talauci da hawan jinin masu ciki. Wannan ciwo na naman zuciya ne, ba na jijiya ba, na kawo shi ne don in nuna inda ido ya karkata. Mai jego 'yar shekara ashirin ta sami masu nazarinta, uwarta 'yar shekara sittin mai nauyin ƙirji ba ta samu ba.

A halin da ake ciki kuwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Birni ya sauya mana ci da sha da zama. Mahmoud Sani da abokan aikinsa sun duba rajistar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ta shekara biyar suka buga a 2006 cewa cikin mutum 5,124 da aka kwantar a sashen manya, 46 suna da ciwon toshewar jijiyar zuciya, maza 33, mata 13. Rajistar ƙasa baki ɗaya da Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ya jagoranta ta tara mutum 1,072 tsakanin 2013 da 2018, kashi biyu cikin uku maza, waɗanda aka yi wa hoton rini kuma ba su kai rabi ba. Binciken shanyewar jiki na Nijeriya da Gana, wanda Kano da Zariya ke cikinsa, ya nuna a 2018 cewa hawan jini shi ne uban tafiya. Rinjayen maza a waɗannan alƙaluma ya dace da abin da aka gani a sauran duniya. Sai dai tarihin da muka bi ya koya mana mu tuna cewa rajista tana ƙirga wanda ya iso asibiti ne, aka zarge shi da cutar, aka kuma yi masa gwajin da zai nuna ta. A kowane ɗaya daga waɗannan matakai uku mace ta fi namiji saurin zubewa.

Harshe da Ƙirjin Mace

Mu ɗauki misalin dattijuwa a Unguwar Kanawa, ta haifi takwas, ta daina al'ada, tana da hawan jini da ciwon sukari. Asibiti bai yi mata nisa ba, in ta fito titin Ali Akilu mota ɗaya ce. Abin da ke tsakaninta da magani sau da yawa magana ce. An tarbiyyantar da ita a kan kunya da dauriya, ita ce wadda ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba, saboda haka ba za ta ce ciwo ba sai ta ce nauyi, ko kasala, ko haki in ta hau bene. Ciwon ƙirji shi ne babbar alama ga mata kamar yadda yake ga maza, amma a mata ya fi zuwa tare da amai, da gumi, da ciwon baya ko muƙamuƙi. In ta ce zuciyarta tana tashi, Hausa ta fassara shi da amai. In ta ce ƙirjinta yana zafi, sai a ce ƙwannafi ne ko olsa, a aiki yaro kemis. In kuwa ta ce ciwon zuciya, nan da nan hankali ya tafi ga baƙin ciki, a fara lissafin kishiya da halin 'ya'ya, a ba ta haƙuri. Zuciya a harshenmu mazaunin fushi ce da ƙauna da ƙarfin hali tun kafin ta zama tsokar da ke tura jini, kuma wannan ma'ana ta farko ta fi saurin danne ta biyu idan mai maganar mace ce.

Ga shi kuwa ilmin yau ya tabbatar da cewa ciwon sukari da shan taba sun fi ƙara wa mace haɗari bisa ga namiji, kuma macen da ta yi hawan jinin ciki ko jijjiga, haɗarin ciwon zuciyarta a gaba yakan ninka kusan sau biyu. A duniya baki ɗaya, cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su suka yi sanadin kashi 35 cikin 100 na mutuwar mata a 2019.

Kammalawa

Ya Shugaba, darasin wannan tarihi ba ya nufin kowa ya ruga ɗakin hoto. Hoton rini yana da tsada, cibiyoyinsa kaɗan ne a ƙasar nan, na'urorin da ke haska bango daga ciki sun fi shi ƙaranci. Abubuwan da za mu iya yi tun yau ba su buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Na farko, asibitocinmu na koyarwa su riƙa rarrabe maza da mata a duk rajistar da suke tarawa, su kuma rubuta waɗanda aka sallama da abin da ya same su daga baya, kada mu maimaita jiran shekara talatin da wasu suka yi. Na biyu, likita da ma'aikacin jinya su tambayi dattijuwa tarihin haihuwarta, su auna jininta da sukarinta da maiƙonta, in hoto ya fito tas kuma alamun suna nan, kada a rufe fayil. Na uku ya rataya a wuyanmu mu malaman Hausa, tare da likitoci da gidajen rediyon Kaduna, mu zauna mu daidaita kalmomin da za su raba jijiyar jini da sauran jijiyoyi, su raba ciwon tsokar zuciya da ɓacin rai, domin mace ta sami abin da za ta faɗa a fahimce ta. Na huɗu na magidanta ne da 'ya'ya, waɗanda izni da kuɗin mota ke hannunsu, idan uwa ta ce ƙirjinta ya yi nauyi tana gumi, wannan ba abin da ake bari sai gari ya waye ba ne.

Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma mun ga yawancin waɗanda suka tono wannan al'amari, su Healy da Virmani da Bairey Merz da Reynolds, mata ne. Ina fata daga cikin ɗalibanmu mata da ke zaune a wannan zaure za a sami waɗanda za su yi wa iyayenmu na Unguwar Kanawa da Badarawa da Unguwar Shanu irin wannan aiki. Kafin nan, mu riƙa tunawa cewa kowace na'ura abin da aka ƙera ta ta gani shi take gani, wanda ke cikin jikin kuwa shi ne shaida na farko. In kunne ya ji, jiki ya tsira.